Kan babur ya doki ƙanena a haƙarƙari, yanzu kuma kafaɗa ke masa ciwo

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Jiya da la'asar ƙanena ya faɗi da babur a wajen Kwangila da ke Zariya, kan mashin ɗin ya doke shi a ƙasan haƙarƙarin dama. Babu rauni a jikinsa sai ɗan shatin ja. Mai kemis ya ba shi diclofenac. Yau da safe ya tashi da ciwon kafaɗar dama, alhali ba ta nan ya faɗi ba, kuma da ya miƙe sai jiri ya ɗebe shi. Inna ta ce a gasa masa, kawunmu ya ce targaɗe ne a kai shi wajen mai ɗori. Wanne za mu yi?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Allah Ya tsare gaba. Jini ne ya kwanta, a shafa masa man zafi, zai warware.

Nas Hadiza: Baban Ummi, ka yi haƙuri, wannan ya wuce man zafi. Maman Sadiq, ku nemi mota yanzu ku kai shi sashen gaggawa na asibitin koyarwa da ke Shika, kada a ɗora shi a babur. Daidai inda aka doke shi nan hanta take, a ɓoye ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kuma ita da saifa su ne suka fi jin rauni idan an bugi ciki. Fata na iya zama lafiya lau, jini na zuba a ciki. Ciwon kafaɗar ma daga can yake iya tasowa: in jini ya taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar wurin kan kai zafin kafaɗa. Jirin ya fi komai damuna. Ki jawo fatar idonsa ta ƙasa ki duba, in ta yi fari, tafin hannunsa ya yi sanyi da gumi, kada ku tsaya jiran kowa. A daina ba shi diclofenac, ibuprofen ko asfirin, suna ƙara zubar jini. Kada ya ci ko ya sha komai, ko za a buƙaci tiyata.

Malam Ɗanjuma: Ku tafi da maza biyu ko uku masu lafiya. In aka ce a kawo jini, ga su nan a kusa.

Maman Sadiq: Mun gode, muna asibiti. An yi masa sikanin, an ga jini a cikinsa. Hoton CT, mai nuna kayan ciki dalla-dalla, ya nuna hantar ta tsage, wai mataki na 2. Amma likita ya ce ba za a yi tiyata ba, sun kwantar da shi, suna ta ɗibar jininsa suna aunawa. Inna hankalinta ya tashi, tana ganin kamar ba a yi masa komai.

Nas Hadiza: Alhamdulillahi da kuka je. Ki kwantar wa Inna da hankali, kwanciyar nan ita ce maganin. Mataki na 2 yana cikin masu sauƙi, kuma yawancin masu irin wannan rauni, muddin awon jininsu (BP, wato ƙarfin gudun jini a jijiya) da bugun zuciya sun daidaita, ba a buɗe musu ciki. Hanta na tsayar da jininta ta kuma haɗe da kanta. Ɗibar jinin da kike gani PCV suke bibiya, wato yawan jajayen ƙwayoyin da ke cikin jininsa. In yana sauka, ko awon jini ya faɗi duk da ƙarin ruwa da jini, sai a shiga da shi tiyata, shi ya sa ake son ya zauna kusa da likitoci.

Bayan sallama ne aikinku zai fara, don na san samarin nan. Babu hawa babur, babu ƙwallo, babu ɗaukar buhu har sai likita ya yarje, abin kan kai wata biyu zuwa uku. Maganin gargajiya na sha ma a jingine shi, hanta ce ke tace shi. In kuka ga zazzaɓi, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, aman jini ko baƙin bayan gida, ku koma da shi a ranar, ko da tsakar dare ne.

Maman Sadiq: To makullin babur ɗin yana jakata tun yanzu. Jazakumullahu khairan.