"In ɓera da sata, daddawa ma da wari": wa ye ɓeran a tseren mota?

Baban Khalifa, Gwammaja:
Salamu alaikum jama'a. Karin maganar yau kowa ya san ta: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Musu ne ya kaure tsakanin yaranmu masu kallon gasar tseren motoci ta Formula 1 a kan mutuwar Jules Bianchi, direban nan ɗan Faransa, shi ya sa na ɗauko ta. Ga wanda bai san labarin ba, ranar 5 ga Oktoban 2014 a Suzuka ta ƙasar Japan, ana tsere ana sheƙa ruwa, motar Adrian Sutil ta zame ta bar hanya. Aka shigo da katafila ta ɗauke ta, ana kaɗa tuta biyu masu ruwan ɗorawa don kowa ya sassauta. Zagaye ɗaya bayan nan motar Bianchi ta ƙwace a wannan kwanar dai, ta afka wa katafilar. Wata tara yana kwance bai farfaɗo ba, ya rasu a Yulin 2015 yana ɗan shekara 25. Kwamitin da FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya, ta kafa ya ce bai rage gudu yadda ya kamata ba, iyalinsa kuwa suka ce sam ba su yarda ba. Ni na ce wa yaran karin maganar nan ta raba gardama. To, na faɗe ta a muhallinta?

Ɗan Autan Kurna:
Baba, da girmanka, amma ban ga muhallinta ba. Mutum ya rasu a bakin sana'arsa a kira shi ɓera? Me ya sata? Su masu shirya tseren da suka san guguwa na tafe suka fara tsere ƙarfe 3 na rana, haske na raguwa, suka bar ƙaton ƙarfe a bakin kwana ba tare da sun fito da motar da ke tare gaban masu tsere ba, su ne za su ce laifin mamaci ne?

Malam Ɗan Fagge:
Auta, sanyaya zuciyarka, karin magana ba ta zagi. Da aka ce "ɗan hakin da ka raina" ai ba cewa aka yi mutum ciyawa ne ba. Amma Baban Khalifa, kai ma ka ɗan kauce. Mutane na ɗaukar ma'anarta "kowa da laifinsa", alhali ta fi haka zurfi. Daddawa ba ta aikata komai ba, warinta ne ya kira ɓera. Wato akwai abin da ya jawo mai laifi, kuma mai daddawar ne ya bar ta a buɗe.

In haka ne, katafila ba ita ce daddawar ba, don ba ta kira kowa ba. Warin yana cikin dokar kanta. A lokacin, in an ɗaga tutar nan, direba ne zai auna wa kansa yawan gudun da zai rage. Wanda ya ɗage ƙafa daga totur sosai, na bayansa ya cim masa. Wanda ya ɗan ɗage kaɗan don a ga alama, ya ci riba. Yaro matashi a motar Marussia, ƙaramin kamfani mai fafutukar tsira, me kake zato zai zaɓa? Ba shi kaɗai ke yin haka ba, shi ne dai abin ya rutsa da shi. Hujjata kuwa ita ce abin da hukumar ta yi daga baya: a 2015 ta fito da tsarin da na'ura ke ƙayyade wa kowace mota gudun da ba za ta wuce ba in an samu hatsari, kowa ya sassauta daidai da kowa, tazara ba ta canja ba. Sun ce laifin direba ne, amma sai ga su sun koma sun rufe tukunyar daddawa.

Maman Ilham, Tarauni:
Malam, bayaninka ya yi, sai dai ni ina jin tsoron karin maganar nan a bakin mutanenmu. A Kano yaushe aka fi jin ta? In an ƙwace wa mutum waya a Adaidaita Sahu, kafin a jajanta masa sai a ce me ya kai shi fito da ita. In an yi wa yarinya rashin mutunci, a ce a dubi shigarta. Kullum wanda aka cuta ake jefa wa ita, ɓarawon ya samu sauƙi. In za a yi amfani da ita yadda ka ce, a kan mai iko da doka, na yarda. Amma ba haka aka saba ba.

Alhaji na Ƙofar Mata:
'Ya'yana, duk kun yi nisa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mu da muka tashi cikin dawaki, sau nawa mahayi gwani ya faɗi a hawan Sallah ko a filin sukuwa, ɗan koyo ya sauka lafiya? In kwana ya ƙare, ko a kan tabarma ne sai an tafi.

Malam Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara girma Alhaji, ba mai ja da ƙaddara. Sai dai wannan maganar ta zaman makoki ce, da ita ake ba iyalan mamaci haƙuri. In mai bincike ya ɗauke ta, aikinsa ya ƙare tun bai fara ba. Kai da kanka ba ka hawa sai ka duba majayi da linzami. A 2018 aka tilasta sa wani ƙarfe mai zagaye kan direba, ana ce masa halo, 'yan kallo suka yi ta tsaki wai ya ɓata kyan mota, direbobi da dama ma suka ƙi shi. A Nuwamban 2020 a Bahrain motar Romain Grosjean ta kutsa cikin shingen ƙarfe, ta rabe biyu, ta kama da wuta. Ya fito da ƙafarsa da ƙuna a hannu, kuma shi da bakinsa ya ce da can ba ya goyon bayan ƙarfen. Kwanansa ne bai ƙare ba, gaskiya ne, amma ta hannun waɗanda suka ƙi cewa "tsautsayi" suka yi shiru Allah ya kuɓutar da shi.

Alhaji na Ƙofar Mata:
To Malam, na ji. Amma wanda ya zaɓi ya ci abinci da gudun kilomita 300 a awa, kada a ce min bai san abin da ya taka ba.

Makaniken Ƙofar Ruwa:
Ku bari mai baƙin mai a hannu ya sa baki. Ku auna min karin maganar a kan Ayrton Senna, direban tsere ɗan Brazil, da ya rasu ranar 1 ga Mayun 1994 a Imola ta Italiya. Shi ya koka cewa zaman sitiyarin motarsa ta kamfanin Williams ya takura shi, aka yanke sandar sitiyarin aka yi mata ƙari da walda. Masu gabatar da ƙara suka ce wurin waldar ne ya karye, kamfanin ya ce sai da motar ta daki bango sandar ta karye. An wanke jami'an kamfanin da aka gurfanar a 1997, shari'a ta ci gaba har 2007, inda kotun ƙoli ta Italiya ta ɗora alhakin kan Patrick Head, babban injiniyansu, amma wa'adin hukunci ya riga ya wuce.

Wannan kullum muna ganinsa a gareji. Mai mota zai zo ya ce sabon ƙarfe ya yi tsada, a ɗan ɗana masa walda ya lallaɓa zuwa Wudil. Ka ce masa a'a, ya ce na gaba zai yi. In ka yi, ka ci kuɗin cefane. To a nan wa ye ɓera? Kuɗinsa ne ya kira ni, arahata ce ta kira shi.

Maman Ilham, Tarauni:
Kai ne ka san ƙarfe, Oga, shi bai sani ba. Ko a Italiya ai injiniya aka ɗora wa laifi, ba wanda ya ce a gyara masa zama ba.

Makaniken Ƙofar Ruwa:
Hajiya, haka ne. Amma ki zo ranar Asabar ki tsaya kusa da ni lokacin da zan ce wa direban haya ya ajiye motarsa kwana uku, ki ji amsar da zai ba ni.