Abin da aka tsayar a tattaunawar masu gwajin jini a Kano

Likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji sun fi daɗewa a kan ɗibar jinin kanta, domin a nan sakamako yake lalacewa. In aka bar igiyar ɗaure hannu ta wuce minti 1, ko aka matso jini da ƙarfi ta siririyar allura, jajayen ƙwayoyin jini kan fashe, sinadarin fotasiyam ya nuna ya hau alhali mutum lafiya lau. A sake ɗiba kafin a fara magani.

Suga kuwa, jinin da aka ajiye ba a tace ba yana rasa kusan kashi 5 zuwa 7 cikin 100 kowace awa, balle a zafin watan Afrilu. A sa shi a kwalba mai murfin toka, wadda ke ɗauke da sinadarin da ke rage wannan asara.

An ja kunne sosai kan HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya: kashi 6.5 cikin 100 zuwa sama ciwon suga ne, amma ga mai sikila ƙwayoyin jininsa ba sa daɗewa, sai adadin ya sauka. A auna sugansa kafin ya karya kumallo.

Mai ciwon ƙirji, gwajin farko na troponin, sinadarin da ke hawa a jini in tsokar zuciya ta ji rauni, bai isa a sallame shi ba. A maimaita bayan awa 3 zuwa 6.