Musayar Waƙa: A Naɗa Sabon T'Challa Ko A Bar Wa Boseman Kujerarsa?

Na-Gwale:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bayan rasuwar Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin T'Challa a fim ɗin Black Panther, ranar 28 ga Agusta, 2020, kamfanin Marvel ya ce ba zai ba wani ɗan wasa matsayin ba. Har yau hukuncin nan bai kwanta mini ba. Ga baitocina, mai amsa ya amsa da waƙa.

Rashin Boseman ya taɓa zuciya,
Shekara huɗu yana ta jinya,
Dajin hanji ne, amma duniya
Ba ta san halin da yake ciki ba.

Yana da 43 ya yi sallama,
Mutum mai haƙuri, mai karama,
Amma ku Marvel, ina hikima
Da ba ku naɗa mana magaji ba?

T'Challa tun 1966 yake,
Lee da Kirby suka zana shi a tsanake,
Ba a haifi Boseman ba yana nan a farke,
Sarautar ba da shi ta fara ba.

Sarki in ya rasu akan yi naɗi,
Bayan addu'a a fito a faɗi
Sunan magaji, ko da ba daɗi,
Ba a taɓa barin karaga haka nan ba.

'Yar Zazzau:
Yaya Na-Gwale, na ji batunka,
Amma ka auna zafin rabuwa.
Ryan Coogler na rubutun fim na biyu,
Bai san da jinyar ba, sai labarin rasuwa.
Har ya yi tunanin barin sana'ar,
Don abokin tafiya ya tafi ba dawowa.
Ka ce a kawo baƙo ya tsaya
Gaban Angela Bassett yana kiranta uwa?
Ga Letitia, ga Lupita, ga Danai,
Idonsu bai bushe ba, ina batun sakewa?
A fim ɗin 2022 sun yi jana'iza da fararen kaya,
Hawayen gaske ne muka ga yana zubowa.
Shuri ƙanwar T'Challa ta sa rigar, 'yar gidan ce,
Wa ya ce mace ba ta iyawa?

Malam Sambo na Damagaram:
Ƙannena, ku ba ni wuri in tofa,
Masu kallo na daɗe da sanin halinsu.
A 1988 aka ba Michael Keaton Batman,
Wasiƙun ƙorafi dubbai suka rubuta da hannunsu.
Wai ɗan barkwanci ne, ba zai iya ba,
Fim ya fito suka cika sinima da ƙafarsu.
Heath Ledger da aka ba shi Joker,
Suka ya sha a intanet daga bakinsu.
A 2009 ya ci Oscar bayan ya rasu,
Masu sukar nan suka haɗiye maganarsu.
Tsoron a ƙi sabon T'Challa ba hujja ba ne,
In ya iya aikin, zai shiga ransu.

Na-Gwale:
Allah ya saka, Malam, ka gyara zance,
Ƙanwata, ga tambaya a taƙaice:
William Hurt ya rasu a 2022, sai aka ce
Harrison Ford ya hau matsayinsa na Janar Ross, ba a binne Ross ba.

Cheadle ya canji Howard a Iron Man, an wuce wurin,
Ruffalo ya canji Norton a Hulk ɗin,
Spider-Man uku muka gani a majigin,
Ba a ce ɗayansu ya ci amana ba.

Yaranmu baƙaƙe su nake ji,
Sun ga sarki nasu mai kai agaji,
Har Sambisa ya shiga cikin daji,
Fim ɗaya na kansa, ba a ƙara musu ba.

'Yar Zazzau:
Yaya, Ross ba shi ne ginshiƙin fim ba,
Canjinsa ba ya tada hankalin kowa.
Kuma ba a rufe ƙofar gidan ba,
Ka tuna ƙarshen fim, a Haiti, bakin ruwa.
Nakia masoyiyar T'Challa ta fito da ɗansu da ta ɓoye,
Toussaint, sunansa T'Challa, yana tasowa.
Coogler ya ce na uku na tafe,
Har da Denzel Washington a cikin masu fitowa,
Shi da ya biya wa Boseman karatu a Oxford,
Tun yana ɗalibi, ba a san shi ba ko kusa da kowa.
In yaron nan za a girmar a ba shi rigar,
Na yarda, Yaya, ba ni da abin cewa.
Amma Coogler ne zai zaɓi mutumin,
Ba masu sa hannu a takardar koke a intanet ba, ko sun kai dubu nawa.