Don Allah mene ne bambancin fasahar nuni da jiki da wasan kwaikwayo?

Ɗalibar_zane: Salamu alaikum jama'a. An sa mana kwas a wannan samistar kan fasahar nuni da jiki, irin wadda mai fasaha ke yin aikinsa da jikinsa a gaban mutane, wallahi kaina ya ɗaure don ni gani nake wasan kwaikwayo ne kawai. Ta ina zan fara, tarihi ko tiyori?

Tsohon_malami: Wa alaikumus salam ƴata. Fara da tarihi, tiyori zai biyo baya. Ɗan wasa in an soke shi wuƙar roba ce, jinin ma kala ce, a nan kuwa komai na gaske ne. Dubi abin da mai fasaha Marina Abramović ta yi a Napoli ta Italiya a 1974, ta jera kaya 72 kan tebur, da fure da zuma da almakashi har da bindiga da harsashi, ta tsaya ƙyam awa 6 ta ce kowa ya yi mata abin da ya ga dama. Da fari ana jin nauyinta, can sai aka shiga yanka mata tufafi, har wani ya ɗura bindigar. Da lokaci ya cika ta tako ta nufo su sai aka watse, ba mai iya haɗa ido da ita. Halin masu kallon ta fallasa, shi ne aikin. Tushen kuma ki nemo ƴan Dada, wato wasu masu fasaha da suka yi wa tsarin fasaha na da bore a birnin Zurik na Suwizalan a 1916, sai mai fasaha Allan Kaprow a Amurka a 1959.

Mai_kyamara: Malam gaskiya ne amma kar ta jinkirta tiyori fa, don akwai rigimar da sai ta ci karo da ita. Masaniya Peggy Phelan a 1993 cewa ta yi wannan fasaha ba ta da rai sai a lokacin da ake yin ta, in aka ɗauke ta a bidiyo ta zama wani abu daban, masani Philip Auslander kuma bai yarda ba. Ni ina bayansa. Mai fasaha Tehching Hsieh ya shekara guda cur daga 1980 zuwa 1981 yana buga kati a na'urar da ke rubuta lokacin zuwan ma'aikata aiki kowace awa dare da rana, yana ɗaukar hoton kansa, to ba don hotunan nan ba wa zai san ya yi?

Ƴar_dandali: Ƴar uwa ki haɗa da gwaji. Ki samu abokiyar karatu ku zauna kuna kallon juna shiru, ba waya ba dariya, za ki ji yadda baya ke ƙagewa ido na ruwa, daga nan karatun zai zauna miki. Amma ban da kwaikwayon mai fasaha Chris Burden da ya sa aka harbe shi a hannu a 1971, wannan ganganci ne.

Ɗalibar_zane: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malam to in wani ya maimaita aikin Abramović yau, nata ne ko nasa?