Jijiyar gwiwa ta tsinke: dole sai an yi aiki, ko gashi ya isa?

Koci: Salamu alaikum jama'a. Yaronmu mai buga lamba 8 da ya faɗi ran Asabar a Murtala Square, sakamakon hoton MRI da ke nuna cikin gwiwa ya fito, likita ya ce jijiyar ACL, wadda ke can tsakiyar gwiwa, ce ta tsinke gaba ɗaya. Ba wanda ya taɓa shi fa, juyawa kawai ya yi da ƙwallo ƙafar ta kafe a ƙasa sai ji muka yi ƙas, kafin magariba gwiwar ta kumbura suntum. Ni magana ɗaya na sani, duk wanda jijiyar gwiwarsa ta tsinke sai an yi masa aiki, ba wata hanya. Mu fara haɗa kuɗi.

Alhaji Baban Walid: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Amma Koci kada mu yi gaggawar kai yaro a yanka shi. Nawa aka yi targaɗe a filin nan aka je wajen mai ɗori ya ja ya ɗaure, sati uku mutum ya miƙe? Ni kaina gwiwata ta taɓa bugewa haka, ban ga wuƙar likita ba, ga ni ina yawona.

Na Badarawa: Alhaji da girmanka, a nan kam ba zan bi ka ba, gashin ƙashi ne aikina kuma kusan kullum sai na ga irin wannan. Manyan jijiyoyin da ke riƙe gwiwa guda huɗu ne, biyu a gefe da gefe, biyu a can ciki sun gitta juna. Ta gefen ciki, MCL, tana samun jini sosai shi ya sa yawanci take warkewa da kanta in an sa abin ɗaure gwiwa an huta kamar sati shida, ina kyautata zaton ita ce ta same ka. ACL kuwa tana tsakiyar gaɓa cikin ruwa, jini kaɗan ke isa gare ta, in ta rabu biyu da wuya ta haɗe yadda take. Mai ɗori ƙashi ya sani, jijiyar nan ko hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta balle hannu, kuma jan da za a yi wa gwiwar zai iya ƙara ɓarna. Don Allah kada a kai shi.

Koci: Yauwa, ka ji ko Alhaji. Aiki kenan.

Na Badarawa: A'a Koci, ban ce haka ba fa. Kai ma "duk wanda" ɗin da ka ce bai tsaya ba. An yi wani bincike a Suwidin da aka buga a 2010, matasa 121 masu motsa jiki da ACL ɗinsu ta tsinke, aka raba su biyu, wasu aka yi musu aiki da wuri, wasu aka fara da gashi da ƙarfafa naman cinya aka ce sai in gwiwar ta ƙi sannan a yi aiki. Bayan shekara biyar kusan rabin na rukuni na biyu ba su buƙaci aikin ba, kuma da aka auna ciwo da yadda gwiwa ke aiki ba a ga wani bambancin kirki tsakanin rukunonin ba. Malamin makaranta ko ɗan kasuwa da tafiya ce kawai gabansa da hawa mashin, zai iya rayuwarsa lafiya lau ba aiki.

Ɗan Kawo: To ai ɗan ƙwallo Zlatan Ibrahimovic ma wata shida ya buga wa AC Milan babu ACL a gwiwar hagu har suka ci gasar Serie A ta Italiya a 2022.

Koci: Ka ƙarasa labarin mana. Shi da kansa ya faɗa cewa duk sati sai an zuƙe masa ruwa a gwiwar, allura ta fi ashirin, da ƙyar yake barci don ciwo, kuma ana gama kakar aka yi masa aikin. Van Dijk na Liverpool fa? Oktoba 2020 ya ji nasa a wasan Everton, aiki aka yi, bai dawo gasar Ingila ba sai Agusta 2021. Waɗanda ƙwallo ce abincinsu aiki suke yi.

Na Badarawa: Nan kam gaskiyarka, binciken Suwidin ɗin ma ba ƙwararrun 'yan wasa aka sa a ciki ba. Ƙwallo juyi ce da birki da tsalle, ainihin abin da ACL ke riƙewa kenan. In babu ita gwiwa na iya zamewa, kuma duk zamewa ɗaya tana iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, wanda shi ne ke jawo ciwon gaɓa tun mutum bai tsufa ba.

Yayan yaron: Yayyena ni kaina ya kulle wallahi. Shekararsa 19, ba abin da yake so a duniya sai ƙwallo, jiya da dare na same shi zaune yana shafa gwiwar yana kuka shiru don kada Mama ta ji. Kuɗin ma ba mu da shi a ƙasa. In mun jinkirta mun cuce shi?

Na Badarawa: Kwantar da hankalinka ƙanena. Ba aikin gaggawa ba ne, likitoci ma sun fi so kumburi ya saɓe, gwiwa ta miƙe sosai ta lanƙwashe kafin su shiga, in ba haka ba tana iya sanƙarewa bayan aiki. Sai dai in gwiwar tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, wannan alamar guringuntsi ya yage ya shiga tsakani ne, shi ba a jira. Kuma ku sani aikin ba ɗinke tsohuwar jijiyar ake ba, wata ake cirowa daga bayan cinyarsa ko ƙasan ƙoƙon gwiwa a dasa, sannan gashi na wata tara zuwa shekara kafin ya shiga fili. Wanda aka yi wa aiki ya watsar da gashi ya yi asarar kuɗinsa.

Alhaji Baban Walid: To na janye maganar mai ɗori. Amma har yanzu ina kan cewa a fara da gashin a gani.

Koci: Ni kuma ina kan cewa wannan yaron dai ƙarshenta aiki ne, a fara tara kuɗin tun yanzu.

Yayan yaron: Gwiwar tana miƙewa, sai dai da zafi. Mu kai shi asibitin koyarwa na Shika a Zariya ne ko asibitin ƙashi na Dala a Kano?

Na Badarawa: Ku fara da Shika tunda ta fi kusa, ku tafi da faifan MRI ɗin ba takardar kawai ba, ku tambayi likitan ƙashi ko guringuntsin ya taɓu. Gobe bayan la'asar zan biyo gida in nuna masa atisayen cinya. A ci gaba da sa ƙanƙara a naɗe cikin tawul minti 15 zuwa 20, kuma kada ya taɓa ƙwallo ko da wasa.