Zan nuna wa ɗalibaina The Matrix, amma kashi na biyu ya tsaya mini a rai

MalaminSS2: Assalamu alaikum. Ina koyar da kwamfuta, kuma ni ke kula da 'yan muhawara na SS2, su 28. Shugaban makaranta ya riga ya ba ni izini in nuna musu The Matrix na 1999, fim ɗin da na'urori suka kulle mutane a duniyar ƙarya, ran Asabar, daga nan mu tattauna ko ɗan Adam yana da zaɓi. Majigi kawai zan yi haya. Tambayata: in tsaya a kashi na farko, inda jarumin, Neo, ya ɗauki jar ƙwaya da hannunsa don ya ga gaskiya, ya bar shuɗiyar da za ta bar shi a duniyar ƙarya, ko in haɗa da wurin nan a na biyu, na 2003, inda Architect, wanda ya tsara duniyar ƙaryar, ya gaya masa an yi irinsa biyar kafin shi, kuma tawayen nasa ma yana cikin lissafin na'ura? Nan gishirin muhawarar yake, amma yara ne.

Ɗan Fagge: Malam, ka fara neman izinin shugaban makaranta tukuna. Majigi dubu 15 ne a wuni.

Baban Walid: Dubu 15 a wace shekara? Watan jiya dubu 35 na biya, ban da farin ƙyalle, ban da fetur na janareto.

Maman Ihsan: Malam, don Allah kada ka nuna. Ƙanena ya faɗi jarabawar shiga jami'a sau biyu, lokacin ne ya kama fim ɗin nan a waya, yana maimaitawa dare da rana. Akwai wurin da tsohuwar nan mai hango abin da zai faru ta ce wa Neo kada ya damu da tulun furanni, yana juyawa ya ture shi ya fashe, sai ta bar shi da tambayar ko da bai ji maganarta ba zai fasa. Wannan wurin ya riƙe. Na biya masa kuɗin fom na uku da cinikin ɗinkina, na kai masa takardar har ɗaki. Bai ko karɓa ba, ya ce Yaya, tulun ya riga ya fashe. Takardar tana cikin akwatina har yau. Shekara uku ke nan, ba karatu ba sana'a.

Injiniya_ZRX: Hajiya, Allah Ya shirya shi, amma bai kalli fim ɗin har ƙarshe da hankali ba. Tsohuwar ta gaya wa Neo cewa ko shi ko jagoransa Morpheus ɗaya zai mutu, ya koma ya ceto Morpheus duk da haka. Kuma Architect da bakinsa ya ce duniyar farko da suka gina ba ta da aibi, mutane suka ƙi ta, sai da aka sa zaɓi a ciki ta zauna. Wato ko na'ura ta kasa tafiyar da mutum ba da yardarsa ba.

Maman Ihsan: Kai a allo ka gani, ni a gidanmu na gani.

Abu Hanan: Wannan ba maganar injiniya ba ce, maganar aƙida ce. Abin da yaron ya faɗa ciki shi ne ra'ayin Jabariyya, masu cewa mutum ba shi da zaɓi a ayyukansa, an yi wannan muhawara tun ƙarnonin farko na Musulunci. Malam, in za ka nuna, ka zaunar da malamin addini a ajin. Ya ba su labarin Sayyidina Umar da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce gudun ƙaddara yake, ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Injiniya_ZRX: Ka ma kalli fim ɗin kuwa?

Abu Hanan: Ba sai na kalla ba kafin in san Jabariyya.

Ɗan Fagge: Ni dai a ba ni shuɗiyar ƙwayar, in farka in tarar majigi dubu 15.

Hajjo: Malam, da wane harshe za su kalla? Ni mai fassarar Hausa na gani, mai fassara ya mayar da tsohuwar bokanya, Morpheus kuma yana ta zuba karin magana. Duk maganar zaɓi ta ɓace.

Baban Walid: Wallahi masu fassarar nan suna cutarmu. Inda ba su gane Turancin ba sai su cike da barkwanci. Na taɓa sayen wani, jarumi yana kuka mahaifiyarsa ta rasu, mai fassara yana tallar shagonsa a kai.

Hajjo: Ga kuma sunayensu da suke rubutawa a tsakiyar allo, ya rufe fuskar mutum.

MalaminSS2: Na Turanci ne da ni. Maman Ihsan, labarinki ya hana ni barci. Har yanzu dai ba wanda ya ce mini in haɗa da na biyun ko in bari.

Baban Walid: In na Turanci ne, sai ka ƙara dubu 5 na lasifika, don muryar Architect ba ta fita a kwamfuta.