Dan Allah ya ake yi aisin ɗin kek ya fito ja sosai ba tare da ɗaci ba?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum mutanen gida, ya aiki ya yara. Dan Allah masu harkar kek ku agaza min abin nan ya isheni wallahi. Asabar ɗin da ta wuce na yi wa ɗiyar yayata kek na walimar saukarta, ita ta ce ja take so da ɗan baƙi a gefe saboda ya shiga da ankonsu. Na buga bota rabin kilo da aisin suga kilo ɗaya yadda na saba, na ɗauko kalar ruwan nan ta ƙaramar kwalba ina ɗigawa ina bugawa har kwalba ta ƙare na fasa ta biyu, abu ya ƙi ja sai wani ruwan hoda kamar an zuba madara a miyar tumatir, ga shi ya saki ina matsa fure yana kwanciya. Baƙin kuwa ba a magana, kalar siminti sak. Ƙanwar maigidana ta lasa ta yatsina fuska wai ko magani na sa a ciki, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Nan da sati 2 akwai sunan maƙociyata kuma ja ta ce ita ma. Ina nake kuskure?

Anti Mai Kek:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu, duk mun sha wannan kunyar. Kalar ruwan ce ta fara cutarki. Yawancinta ruwa ce, ita kuma bota maiƙo ce, kin san ruwa da mai ba sa ga maciji, shi ya sa kafin ki ga ja aisin ya riga ya tsinke. Ki nemi ta jel mai kauri, irin su Wilton ko AmeriColor ko Sugarflair, shagunan kayan kek suna kawowa. Da tsinken sakace ake ɗiba, kuma kowane ɗiba sabon tsinke kar ki mayar da mai bota cikin robar.

Amma abin da ya fi komai, ranar walimar kika haɗa ko? Na san haka ne. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu ba sa nuna kansu nan take, sai sun kwana. Ki haɗa yau, da kin ga ya kai kalar cikin kankana ki tsaya ko da zuciyarki na cewa ƙara, ki rufe ruf a roba ki ajiye. Gobe in kin buɗe za ki rantse wani ne ya zo ya ƙara miki da dare. Ni kwana 2 nake ba ja, a firij, ranar aiki in fito da shi ya huce in juya da cokalin katako. Ɗacin da kika ji yawan kalar ne ba komai ba, in kin ba shi lokaci ko rabin abin da kika zuba ba za ki buƙata ba. Akwai ma ja na Wilton da aka rubuta No-Taste a jiki, saboda wannan matsalar aka yi shi.

Baƙi kuma ba a taso shi daga fari. Ki fara zuba garin koko ya koma ruwan ƙasa mai duhu tukunna, sai ɗan jel baƙi kaɗan, ya kwana. Ga daɗin cakulet ga haƙoran yara sun tsira.

Ummu Sabir:
Anti ta gama magana. Ni ƙarin da zan yi a kan botar ne, yawancinmu majarin muke amfani da shi saboda tsada kuma ya fi jure zafi, to shi kuma rawaya ne sosai. Ki zuba shuɗi a kan rawaya me za ki samu? Kore! Haka na taɓa kai kek ɗin bazday na yaro namiji kalar ganyen kuka. Ki buga botar ita kaɗai kamar minti 7 zuwa 10 kafin suga ta shiga, za ki ga ta yi haske ta tashi. Sannan ki taɓa bakin tsinke a kalar shunayya, ɗis fa kamar kan allura, yana kashe rawayar. In ya yi yawa kuma ya koma toka babu ruwana lol

Uwargida Zariya:
In lokaci ya ƙure miki babu halin kwana akwai dabara. Ɗebi kamar ludayi ɗaya na aisin ɗin ki zuba kalar duka a ciki, ki sa a maikirowef sakan 5 zuwa 10 ya ɗan narke, za ki ga ya yi jajawur nan take, sai ki juye cikin sauran. In an ɗauke wuta ni kwanon silba nake ɗorawa a kan ruwan ɗumi ina juyawa, duk ɗaya ne. Kar dai ya narke gaba ɗaya ya zama mai. Kuma ki kiyayi rana, ruwan hoda da shunayya saurin koɗewa gare su, kar a ajiye kek a bakin taga ko a ɗauko shi a Keke Napep babu kwali.

Maman Hanan:
Ni fa gaskiya tsoron kalolin nan nake ji musamman a kek ɗin yara. A Amurka a watan Janairun 2025 hukumar abincinsu ta soke izinin wani jan kala da ake kira Red 3, ƙasashen Tarayyar Turai kuma tun 2022 suka hana wani farin kala da ake kira titanium dioxide a abinci. Shi ya sa na koma zoɓo, in dafa shi da ruwa kaɗan ya yi kauri kamar zuma, ya huce, in sa cokali 1 ko 2 da ɗigon lemon tsami. Rawaya kuma kurkur kaɗan.

Anti Mai Kek:
Maman Hanan zoɓo yana da kyau na gwada, amma kar mu yaudari baiwar Allah, ruwan hoda mai duhu yake bayarwa wani lokacin ya karkata shunayya, ba zai taɓa ba ta jan anko ba. In tsoron yawan kala ne, ta shafe kek ɗin da fari tukunna ta sa a firij ya kama, sai ta bi da jan siriri a sama, abin da za a ci kaɗan ne. Ta dai duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kar ta sayi wadda ake ƙullawa a leda babu suna.

Maman 'Yan Biyu:
Kai Allah ya saka da alheri ya raya zuri'a. Anti wallahi kamar kina kicin ɗin, ƙarfe 10 na safe na haɗa ƙarfe 2 aka zo ɗauka. Jiya na aika an sayo min jel ɗin na gwada da bota cokali 4 kawai, na bar shi a kalar kankana ina ta ƙunƙuni, yau da asuba na buɗe ja zur har na kira maigidan ya zo ya gani. Saura baƙin. Kokon cokali nawa zan sa a rabin kilo na bota, kuma in ya yi tauri madara zan ƙara ko ruwa?